Hoton Anko a Rumfar Yaya

Da na gama jami'a ban samu aikin abin da na karanta ba, sai na samu wuri a wani siber a Bromakoté, cikin unguwar Adjamé a Abidjan. Ɗaki ne dogo, kwamfutoci a jere, da fanka ɗaya wadda iskarta ba ta kai ƙarshen ɗakin. Aikina in kunna wa mutum na'ura, in rubuta wa wanda bai iya ba, in zaro takarda idan ta maƙale a injin bugawa. Shekarun nan ne da ƙasa take a rabe, ana tsayar da gbaka, ƙananan bas na haya, a hanya a ce kowa ya fito da takardunsa. Ba zan ce ga shekarar ba, don ina iya yin kuskure.

Yayata tana da rumfar atamfa a kasuwar Adjamé. Haya ce, amma tun zamanin mahaifiyarmu take hannunmu. Iyayenmu daga Nijar suka zo, mu kuwa a Treichville aka haife mu, bayan babban masallaci. Da rumfar nan Yaya take ciyar da 'ya'yanta, da ita kuma ta kai ni jami'a. Auta take kirana, idan tana son tsokana ta ce Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta.

A bangon rumfar, sama da inda ake jera shadda, akwai wani babban hoto cikin gilashi. Wata ƙawarta 'yar ƙabilar Jula ce ta aurar da 'yarta, Yaya ta fitar da ankon bikin. A Abidjan biki irin wannan sai da marraine, wato babbar mace da ake gayyata ta zama uwar biki don ta ɗaga shi. Wadda aka samu matar wani babban mutum ce. Ba shugaban ƙasa ba ne, irin manyan nan ne da ake gani a sahu na biyu idan an nuna taro a talabijin. Ɗankwalin matar ya kwance ana tsakiyar hidima, Yaya ta tashi ta ɗaura mata, mai hoto ya ɗauke su a haka: atamfa iri ɗaya, hannun Yaya a kafaɗarta, dukansu suna dariya, dukansu masu wushirya. Yaya ta sa aka wanke shi babba ta rataye, kamar yadda kowace mai rumfa za ta yi. Ya shekara a nan ba wanda ya ce komai, sai dai a tambayi ko da sauran atamfar.

A siber akwai mutanen da ba saƙo suke zuwa dubawa ba. Dandalin muhawara suke shiga, inda mutane masu sunayen aro suke tattauna manya da matansu: wance ce ke juya mijinta, wane ba shi ne uban 'ya'yansa ba, wane ya daɗe da mutuwa mai kama da shi ake nunawa. Sukan sa in buga musu shafi, su tafi da shi wurin masu tsayawa karanta kanun jaridu da safe, daga nan ya shiga garejin mota da kasuwa. Ban cika karanta abin da nake bugawa ba. Na ɗauke shi kamar hayaniyar titi.

Wata rana da hantsi wani mutum mai yawan zuwa ya kira ni in buga masa shafi, ya ce yana son mai kala don jan layin ya fito. Na sunkuya na duba. Hoton rumfarmu ne. An zagaye fuskar Yaya da jan layi, an zagaye ta matar, an ja kibiya daga haƙori zuwa haƙori. A ƙasa an rubuta cewa matar babban mutumin ba 'yar ƙauyen da take faɗa ba ce, baƙuwa ce, takardunta na saye ne, ga kuma yayarta uwa ɗaya uba ɗaya tana sayar da atamfa a Adjamé. Wasu sun auna kunnuwa. Wani ya ce ya karanci ilimin halittu, wushirya ba ta ƙarya.

Abin da na fi daɗewa ina kallo shi ne gefen hoton. Akwai ƙyallin gilashi, kuma a ƙasa ana ganin bakin shaddar da ke jere. Wato wani ya tsaya cikin rumfar, inda nake tsayawa idan na kai mata abinci, ya ɗaga waya ya ɗauka.

Na ce wa mutumin tawadar kala ta ƙare. Ya tafi siber na gaba.

Da yamma na faɗa wa Yaya. Ina ta kewaye-kewaye, ina cewa watakila ba komai ba ne, watakila kuma komai ne, har ta ce in faɗi magana ko in tashi mata daga kan kaya. Da ta ji sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe tana da ƙanwa a gidan gwamnati take fama da gbaka, gobe sai a aiko mata da direba. Na ce ko za ta sauke hoton, ko da na ɗan lokaci. Ta ce karatu ya sa mini tsoron inuwata.

Kwanakin farko kamar ita ce da gaskiya. Maƙwabciyar rumfarta, wata Tanti mai sayar da leshi, ta koma kiranta surukar gwamnati, tana rusuna mata da gangan kowace safiya. Mata suna zuwa kallon hoton, su ji kunyar fita hannu biyu, su sayi wani abu. Yaya ta ce in gaya wa mutanen cikin kwamfuta ta gode da talla.

Ni kuwa kullum kafin in share ɗakin sai na buɗe shafin. Ban ce ina jin tsoro ba; ban san sunan abin da nake ji ba. Nakan karanta kamar mai duba ciwon da ba a jikinsa yake ba. Maganar tana sauya kama. Daga yayarta, Yaya ta koma mai karɓo mata asiri daga malaman Treichville don ta riƙe mijin. Daga nan ta koma mai ketare iyaka da saƙonnin mijin a naɗe cikin atamfa. Wani ya ce ya gan ta da idonsa a wani gari na arewa, ita da ko Bouaké da ke kan hanyar arewan ba ta taɓa zuwa ba. Sannan wani ya rubuta ƙofar kasuwar da za a bi da layin da rumfar take.

Na kai maganar wurin dattawan da ke zama bakin masallacin Treichville bayan la'asar, abokan mahaifinmu. Suka saurara. Ɗayansu, wani ɗan Kano mai shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa, ya ce baƙo ba ya raba faɗan masu gida, mu yi shiru zai wuce. Wani ya ce ai da ma mace ba ta da abin yi da hoto a bango. Suka yi addu'a, na shafa.

Sau ɗaya na rubuta amsa a dandalin, da sunan aro ni ma. Na yi yini ina gyara ta. Na ce a iya sanina, kuma ina iya yin kuskure, matan biyu ba su da dangantaka ta jini, kuma anko al'ada ce ta biki da ba lallai ta nuna zumunci ba. Wanda ya fara amsawa ya ce to ga shi sun fara aiko mutanensu, wannan ma hujja ce. Wani ya ce Faransancina ya cika tsabta, daga ofishin mijin nake. Ban sake rubutawa ba.

A kasuwa masu kallo suka ragu, masu saye ma suka ragu. Wasu samari suka fara tsayawa a bakin layin, ba sa saye ba sa magana. Ban san ko saboda Yaya suke tsayawa ba. A lokacin samari na tsayawa ko'ina. Amma Tanti ta daina rusunawa. Wata safiya aka tarar an shafa jan fenti a ƙyauren rumfar, zagaye guda, kamar na cikin hoton. Yaya ta goge da kananzir ta buɗe.

Wanda ya ba mu hayar rumfar dattijo ne ɗan ƙasa, ya san mahaifiyarmu, ya zo mana gaisuwa da ta rasu. Ban taɓa ɗaukarsa mugu ba, har yau ma. Ya aiko cewa zai zo da shugabar matan layin, Yaya ta ce in zo in tsaya mata, tun da ni ne mai Faransancin takarda.

Ya zauna a kan bencin masu saye, ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya ce yana da rumfuna da yawa a layin, wuta kuwa idan ta tashi ba ta tambayar ta wa ce. Abu biyu yake so. Ta sauke hoton. Sannan ta tsaya gaban matan layin, a ɗauke ta da waya, ta ce ba ta san matar nan ba, wucewa take yi mai hoto ya haɗa da ita. Idan ta yi haka ta zauna. Idan ba haka ba, ƙarshen wata ta ba shi makulli.

Yaya ta hau kan kujera ta sauko da hoton da kanta, ta jingine shi fuskarsa na kallon bango. Ta ce wannan an gama. Ta ce za ta tsaya gaban kowa ta faɗi cewa matar ba 'yar'uwarta ba ce, don gaskiya ce. Amma ta san ta.

Shugabar matan ta ce kalmar nan kaɗai mutanen dandalin za su yanka su ajiye, su zubar da sauran.

Na fara juya wa dattijon maganar da lallashi. Na ce abin da yayata take nufi shi ne sanin bai yi zurfi ba, za a iya cewa kusan babu shi, don haka watakila akwai hanyar da za a tsara jimlar. Yaya ta taɓa hannuna.

"Kada ka gyara mini magana, Mushe. Ina jin Faransanci."

Sannan ta ce da Hausa, a hankali, tana kallona ba shi ba: "Mun sa zane ɗaya. Mun ci a faranti ɗaya. Na ɗaura mata ɗankwali da hannuna. Idan na ce ban san ta ba, me na ce wa uwar amarya? Na ce mata bikin 'yarta abin gudu ne. Gobe ta aurar da ƙaramar, wa zai sa mata anko?"

"Yaya, rumfar Inna ce."

"Na fi ka sanin ta wa ce."

Na faɗa wa dattijon yadda ta faɗa. Ya jinjina kai, ya ce ya gane, mahaifiyarta ma haka take. Ya tashi, ya sake gaisuwa, ya tafi.

A hanyar gida cikin woro-woro, tasin haɗaka, na tambaye ta ko dai sun shaƙu da matar ne ban sani ba. Ta ce ina, ban da ranar bikin sau ɗaya ta taɓa zuwa rumfar, kuma mai taurin ciniki ce, ta sa an sauko da rabin kaya ta ɗauki turmi guda. Ta ce ba ta jin matar za ta gane ta idan suka haɗu a hanya.

Ƙarshen wata muka kwashe kayan zuwa Treichville. Tanti ta taya mu ɗauri. Muka jera atamfar a ɗakin da mahaifiyarmu ta bari, har saman taga. Yaya ta koma sayarwa daga gida, ga waɗanda suka san ƙofar. Uwar amaryar nan tana cikin masu zuwa, takan kawo wasu. Cinikin bai kai na kasuwa ba, ko kusa. Babbar 'yar Yaya ta bar makarantar kuɗi ta koma ta gwamnati.

Tun ranar da aka mayar mini da martanin nan a dandalin ban sake buɗe shafin ba. Bayan mun gama kwasa na buɗe. Sai da na yi ta gangarawa kafin in same shi. Saƙo na ƙarshe a kan Yaya ya girmi jan fentin ƙyaure, ya girmi zuwan dattijon. Sun daɗe da komawa kan matar wani, wadda suka ce tagwaye ce, ɗaya na fita taro ɗaya na kulle a gida. Masu sunayen aron nan dai su ne, har da mai ilimin halittu. Na karanta kaɗan. Wani ya kira ni takarda ta maƙale, na je na zaro.

Da na koma gida na tarar da Yaya a tsakar gida tana auna wa wata yadi, daga hanci zuwa yatsa. Na jira matar ta tafi. Na ce mata sun daina maganarta, da alama sun daɗe da dainawa, yanzu maganar wata mata suke yi.

Ta ninke atamfar. Ta tambaye ni ko waccan ɗin ma suna da hotonta. Na ce suna da shi.

"Akwai wata a gefenta?"

Na ce ban lura ba. Ta ce to. Ta miƙo mini bakin zanen in riƙe mata, na riƙe.

Rumfar ta yi watanni a rufe. Daga baya na wuce na ga wani yana sayar da wayoyi a ciki. Ƙusar hoton tana nan a bango, ya rataye caja a kai.