Lahadin da Mama Ta Rufe Ƙwayar Ludo

A Garwa, in bazara ta kankama, har tunanin mutum narkewa yake yi. Ranar Lahadi in an taso daga coci, ba mai iya komai sai zaman gindin darbejiya. A irin wannan yammacin ne maƙwabcinmu, malamin lise, wato makarantar sakandare, ya shigo gidanmu da ƙwayoyi irin na ludo, wasu ma fuskokinsu sun fi na ludo yawa. Ya ce wasan labari ne. Shi zai riƙa faɗin duniyar, da dazukanta da dodanninta, mu kuma kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya shiga da shi. In mutumin zai yi abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya, ita za ta ce ya iya ko bai iya ba.

Mama tana gefe tana ɓarar gyaɗar da za ta kai kasuwa. Ta ce, "Caca, ranar Lahadi?" Malam ya rantse ko dala ba a sakawa. Ta ce oho, ta ci gaba da aikinta.

Ni takobi kawai nake so a ba ni, a wuce wajen. Ina! Malam ya ce sai kowa ya faɗi inda aka haifi mutuminsa, domin daga nan ne abin da ya iya zai fito. Mijina ya ce nasa ɗan masunta ne a bakin kogin Binuwai, aka ba shi iyo da sanin ruwa. Ƙawata ta ce tata 'yar mai fataucin shanu ce daga Tuboro, aka ba ta iya ciniki da baki mai kaifi, wanda dama tana da shi, ba sai an ba ta ba. Da aka zo kaina na ce, "Tawa 'yar dutse ce."

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ko kuwa na sani. Mama daga kan duwatsun arewa ta sauko tana yarinya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci garin ba. In na tambaya, sai ta aike ni ɗebo ruwa. Na girma, na yi aure, na haihu, ban san ko wa ta baro a can ba. Abin yana cina, gaskiya.

Malam ya ce, "To 'yar dutse, sai mu ba ta iya hawa."

"Hawa?" Mama ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Akuya ma tana hawa. 'Yar dutse ɗauka take fara koya. Ruwa ya wanke ƙasar gona ya kai ta ƙasa, ku kwaso a kwando ku mayar sama. Ka ba ta wuya mai ƙarfi."

Malam ya ce, "To, Mama," ya goge ya gyara a takardarsa.

Daga ranar, kowace Lahadi tabarmar Mama tana matsowa kaɗan. Wai inuwa take bi. In na ce yarinyata ta cikin wasan ta kwana a fili, sai ta ce haba, 'yar dutse ba ta iya barci inda babu abin jingina baya. In muka shiga daji, ta ce yarinyar tana jin ƙamshin ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Ta faɗi yadda ake jera duwatsu su riƙe gona ba tare da laka ba, da ɗakuna masu tsinin kai a manne da juna, da hazon safiya da ke kwanciya a ƙasan gari, har ka ga kamar gidanku a kan kunu yake yawo. Muna zaune cikin zafin Garwa, gumi na bin bayanmu, amma ni sanyin can nake ji a ƙafafuna. Wani lokaci ƙwayar tana hannuna, na manta ban jefa ba.

Akwai tambaya ɗaya da malam ya ce dole kowa ya amsa: me mutuminka ya baro a gida? Na dubi Mama, ta dubi gyaɗarta. Haushi ya kama ni, na ce, "Ba ta baro komai ba, daga sama ta faɗo." Mijina ya taka mini ƙafa.

Aka yi ta tafiya a labarin har damina ta sauka, kogi ya cika ya tumbatsa. Wata Lahadi malam ya ce hanya ta biyo da mu ta gindin wani dutse, kuma yarinyata ta gane shi. Na ce mu hau. Muka hau, gona bayan gona, Mama tana faɗin inda za a sa ƙafa. Ta ce a bi bayan tsamiya, a wuce rumbu biyu, gidan yana hagu.

Malam ya ce, "Kin iso ƙofa. Wa kike fatan gani?"

Kafin in buɗe baki Mama ta ce, "Ƙanwarta. Shekarar yunwa ce, aka ce ɗaya ta bi fatake, ɗaya ta zauna da kaka. Ta ce mata in an yi girbi za ta dawo."

Ashe ina da wata uwa a duniya, ban sani ba. Na so in yi faɗa, na so in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba.

Malam bai ankara ba, wasa yake bi. Ya turo mini ƙwaya ya ce, "Shekaru sun ja. Jefa mu gani ko tana nan."

Na miƙa hannu. Mama ta riga ni, ta ɗora tafinta a kan ƙwayar, ɓawon gyaɗa na manne da yatsunta.

Ta ce, "Ɗana, kada a jefa. Tana nan. Ka ce ta buɗe."