Tsakiyar da Rafi Ya Tono

Shekarun baya, ina budurwa a ƙauyenmu kusa da Kafur, damina ta yi ƙarfi har rafi ya ci gaɓarsa. Da ruwa ya janye na je wanki, sai na hangi wani abu ja yana ƙyalli cikin laka. Tsakiya ce, dutsen nan da ake hudawa a yi abin wuya. Ni kuwa da ko ganye ya faɗo sai na yi masa waƙa a zuci, na ce rafi ne ya yi mini kyauta.

Mahaifiyata sana'arta shirya duwatsun ado. A lokacin tana haɗa wa yayata abin wuyan aure, sai ta wanke dutsen ta zura shi cikin sauran. Yayata ta saka don gwaji. Washegari zazzaɓi ya kayar da ita, tana karkarwa tana sambatu, ko ruwa ba ya zama a cikinta.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bamagujiya, ta shigo dubiya. Da ta ji inda na tsinci dutsen, ta dafe ƙirji.

"'Yar nan, gindin tsamiyar da ta faɗi? Makwancin mutanen farko ne! Da adonsu ake binne su. Kin kwance wa wata wuya."

"Iya, ni a laka na gani."

"Lakar wa? Hannun da ya ɗauko shi zai mayar, tun mai shi ba ta zo karɓa da kanta ba."

Mahaifina ya ce zazzaɓin damina ne, ya yi wa yayata rubutun sha. Amma bai ce kada in je ba.

Mahaifiyata ta tsinke zaren, duwatsu suka zube a faifai, duk jajaye, ban iya gane nawa ba. Ta riƙa ɗaga su ga rana tana leƙa hudar. Duwatsun da take saya wurin fatake hudarsu siririya ce miƙaƙƙiya. Can ta tsaya a kan wani mai faɗin baki ta gefe biyu, tsakiyarsa a tsuke.

"Ga shi. Da tsinin dutse da yashi aka ci wannan, ƙarfe bai taɓa shi ba. Maza, ki je."

Rana tsaka na isa, ba kowa a rafin. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin saiwar tsamiya. Ga muƙamuƙi, ga ƙananan ƙasusuwan wuya, ga duwatsu jere a kansu. Zaren ya daɗe da ruɓewa, amma kowanne na nan inda aka sa shi, sai gurbi guda. Ni da na sauke Alƙur'ani, Fatiha ma ɓace mini ta yi. Na ajiye dutsen a gurbinsa, na ce, "Ki yi haƙuri," na tura ƙasa da hannu, na ruga har na bar mayafina a ƙaya.

Yayata ta tashi, aka yi bikinta bayan kaka. Ko rubutun Baba ne, ko mayarwar ce, Allah ne masani.

Tsoron bai gama barina ba, har yau ba na bi ta wannan gaɓa. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne ƙanƙantar wuyan nan. Wani ya zauna yana murza dutse a kan dutse don wata yarinya ta yi kyau. Da mahaifiyata ta sake shirya abin wuyan yayata, ba ta cike gurbin da wani dutse ba, ƙulli ta yi a zaren. In na ziyarci yayata, wurin ƙullin nan yatsana yake fara zuwa.