Mariƙin Safayar da Ya Kulle Gwaggona Cikin Ruwa

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Azare, ni saurayi ne mai walda, ina da 'yar rumfa a bakin titi inda nake ƙera ƙofofi da tagogi. Hannuna yana kan ƙarfe amma zuciyata tana cikin littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. In aka ɗauke wuta sai na jingina da bango na buɗe littafi, na ga kaina a matsayin saurayin nan da yake zuwa a mota, duk unguwa tana leƙe. Gwaggona ce ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, mace mai jiki da ƙarfi da baki, kuma ita ce ta shige gaba wajen neman aurena da wata yarinya 'yar Katagum, wadda kallo ɗaya na yi mata a wani biki barci ya ƙaurace mini.

Da aka sa ranar kai lefe damina ta yi nisa, kuma hanyar Katagum a lokacin ba ta ƙaramar mota ba ce. Kawuna yana da tsohuwar jif da yake zuwa gona da ita wajen Shira, mai ƙofa biyu a gaba da ɗaya a baya, da benci biyu masu fuskantar juna. Ya ce ya ba mu aro. Matsalar ita ce tayar safaya, domin maƙalinta na jikin ƙofa ya daɗe da ɓallewa, a ciki ake kwantar da ita, ta cinye wurin ƙafafu da na akwatuna. Na ce wa Kawu ya bar mini wannan. Zan ƙera mata mariƙi a waje, hannun ƙarfe da zai tsaya a kan bamba, wato ƙarfen kariya na bayan motar, a tura shi gefe kamar ƙyaure sannan a buɗe ƙofar baya.

Na je wurin wani ɗan kudu mai sayar da ƙarafa, wanda ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yana ganina ya hau kirana ango, wai ya ji an ce tun da na samu 'yar Katagum waldata ta koma karkacewa. Na sayi bututun ƙarfe da hinjin get da sakata. Na yanka, na haɗa, na ɗaure gindin a jikin bamba, na fitar da faranti mai kusoshi inda tayar za ta zauna, na sa wurin kwaɗo saboda ɓarayi. Da babu taya a kai, da ɗan yatsa ake tura shi. Da na ɗora tayar sai hannun ya sunkuya kaɗan, sakatar ta cije a raminta. Ba ta zaruwa sai na sa kafaɗa a ƙarƙashin tayar na ɗaga sama. Na san maganinsa, tokara ce zan ƙara daga gindi zuwa sama, na kuma canza hinjin da mai kauri. Amma wuta ta yi ta wasa da mu a makon, kuma ɗan lokacin da na samu sai na ƙarar da shi wajen lanƙwasa siririn rodi na yi siffar zuciya da furanni a tsakiyar tayar, na shafe su da jan fenti. Abin da nake hangowa kawai shi ne ƙawayen sahibata suna nuna motar suna cewa aikin angon ne.

Ranar tafiya ni na loda kaya da kaina. Na jera akwatunan a bayan kujerun gaba har kusan rufi don kada ruwan sama ya taɓa su. Gwaggo ta shiga da wasu mata biyu na danginmu, ana ta guɗa. Kafin ta shiga sai da ta shafa zuciyar nan tana dariya, ta ce ashe ɗan nata ba ƙofar bayi kaɗai ya iya ba, yau sai Katagumawa sun san daga birni aka zo. Na faki idon mutane na ɗaga da kafaɗa, na tura sakata, na datse kwaɗo, na miƙa wa ɗan Kawu mabuɗi, shi ne direba. Maganar cijewar sakatar ta zo bakina, na dubi matan da ke yabona, na haɗiye. Ango ba ya bin masu kai lefe, don haka mutum ɗaya da ya san sirrin ƙofar nan ya tsaya a Azare yana ɗaga musu hannu.

Tun da suka ɓace na kasa zama. Na buɗe rumfa na rufe. Na je wurin mai shayi, aka haɗa mini na bar shi ya huce. Na ɗauki littafi, layi ɗaya na yi ta maimaitawa. Ina gaya wa kaina ai ɗan Kawu ƙaƙƙarfa ne, in ya ja da ƙarfi za ta zaru, in ta ƙi ma abin dariya ne kawai a ƙofar gidan surukai. Sai hadari ya haɗu ta arewa, baƙi ƙirin. Na yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Na taka har tasha ina tambayar direbobin da suka fito daga can, wani ya ce ruwan kogin Jama'are ya malalo fadama ya hau hanya tun jiya. Na koma gida, na sake fitowa, na sake komawa.

Bayan la'asar ɗan Kawu ya kira ni da wayar wani. A inda ruwa ya hau hanya injin ya mutu, ƙafar baya ta zame cikin laka, motar ta karkace, ruwa ya fara shiga. Ya zagaya ya buɗe kwaɗo, sakata ta ƙi. Wasu masunta da ke kusa suka zo suka ja, suka doka da abin tuƙin kwalekwale, ta ƙi. Matan suna salati suna dukan ƙofa daga ciki, gabansu kuma katangar akwatuna. Sai da aka fizgo akwatunan ta gaba aka watsar cikin ruwa, matan biyu suka haura kujera suka fito. Gwaggo ba ta iya haurawa ba, janyo ta aka yi, ta faɗo tsakanin kujera da bakin ƙofa, ƙugunta ya karye.

Na hau acaɓa zuwa bakin ruwan, aka ƙetarar da ni a kwalekwale zuwa Katagum, na same ta kwance a gidan mai ɗori. Na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ma ta fara magana, wai na daina tsayuwa kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa, na je na ga ko an shanya atamfofin mutane. Washegari da shanu suka janyo motar, ɗan Kawu yana nuna wa jama'a yadda sakatar ta ƙi. Ban san abin da ya tura ni ba, na matsa na sa kafaɗa na ɗaga, ta zaru sumul. Ya juyo ya tambaye ni a hankali ko tun a gida na sani. Na ce na sani.

An ɗaura auren bayan kaka, muna tare da matata har yau. Gwaggo ta ce ta yafe tun kafin na roƙa, amma ƙashin bai koma daidai ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu aikin hannu, kada ku miƙa aiki kuna ɓoye aibinsa don kunyar minti ɗaya, kuma duk abin da zai tare ƙofar da mutane ke bayanta, ku gwada shi da nauyinsa, ku ba wani ya buɗe ba ku ba. Masu mafarki irina kuma su sani ado yana iya jira. Gwaggo, matar da a da take tafiya kasuwa da ƙafa ta dawo da buhu a ka, yau shekaru ke nan a zaune kan kujera take sallah, kuma ɗakina yana jikin nata, ina jin lokacin da take jan kujerar.