Watan da Waya Ta Kasa Kaiwa

A shekarun da aka fara cewa wani abu wai shi intanet ya sauka Yamai, mu a Gure tarhon gidan waya muka dogara da shi, shi ma sai ranar da ya ga dama. Wayar ta biyo hanyar Damagaram bisa turaku. Gara ta ci gindinsu, raƙuma su sosa wuya a jikinsu, turke ya kwanta cikin rairayi, shi ke nan gari ya zama bebe. Rediyo kuwa ba ya fashi. Muryar Yamai tana iso mu kullum, tamu ce ba ta isa can.

Ranar azumi ashirin da tara ina garkata cikin kwari ina ban ruwa har rana ta faɗi. Wani dattijo makiyayi daga wajen Gamu, wanda ya saba shayar da awakinsa a rijiyata, ya tsaya muka buɗa baki da dabino. Muna sallame magariba ya kama hannun rigata.

"Malam, ɗaga kanka. Can bisa gorubar nan."

Ga jinjirin wata siriri, sama garau. Muka yi kabbara, muka hau tudu sai gidan liman.

Liman ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, ta ina ya tsaya, ina ƙahonsa ya duba. Bakinmu ya zo ɗaya. Ya ce shaida ta cika, sai dai kwamandan gari ya yi kashedi kada a buga gangar salla sai rediyo ya faɗa. A kira Damagaram, su kira Yamai, sannan a sanar wa ƙasa.

Muka je wurin mai gidan waya, mutumin yamma da aka turo aiki, kowa Mushe yake ce masa. Ya bar kununsa ya buɗe mana biro, wato ofishinsa. Ya yi "alo, alo" har ya gaji.

"Tun shekaranjiya ta mutu, Malam."

Na ce, "To intanet ɗin da kake ba mu labari fa?"

"Yana Yamai. Ka rubuta, kafin ka ƙifta ido ya kai Faransa."

Dattijo ya ce, "Ɗana, abin da ke kai rubutu Faransa ya kasa kai wata Damagaram?"

"Baba, shi ma waya yake bi. Raƙumanku suka kayar da ita."

"Raƙumanmu sun riga turakunku zuwa dajin nan."

Da aka yi isha rediyo ya ce ba a ga wata ko'ina cikin ƙasa ba, gobe a cika talatin. Ko'ina! Ni da na gan shi da idon da zan tashi da shi gaban Ubangiji, kuma na san azumi ranar idi haramun ne.

Ban yi sahur ba. Bayan sallar asuba na miƙe cikin masallaci, na dubi liman.

"Allah ya gafarta Malam, ka karɓi shaidarmu jiya ko ba ka karɓa ba?"

"Na karɓa. Amma kwamanda fa?"

"Turke ne ya faɗi, shaidarmu tana nan tsaye."

Wani ma'aikaci daga sahun baya ya ce, "Ku biyu kun fi rediyo ke nan?"

Na ce, "Rediyo ba shi da ido. Abin da aka gaya masa yake faɗa, mu kuma ba a ba mu hanyar gaya masa ba."

Na zaro dabino daga aljihu, na yi bisimilla, na ci a gaban jama'a. Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya miƙo hannu. Na sa masa ɗaya.

Muka fita idi ba ganga. Rabin gari ya biyo mu, ma'aikata da sauran rabin suka zauna da azuminsu.

Da la'asar Mushe ya iso ƙofar gidana. Ya ce an ta da turken, ya samu Yamai, sun ce labari ya makara, salla sai gobe. Kuma kwamanda yana nemana.

Na tafi da rigar sallata. Kwamanda ya tambaye ni wa ya ba ni izini.

"Ranka ya daɗe, wanda ya fito da watan. In ana son mu jira Yamai, a ja mana wayar da za ta ji mu."

Ya zaunar da ni bisa benci a ƙofar biro har rana ta faɗi. Ban damu ba, a ƙoshe nake. Da aka kira magariba ya fito yana neman ruwan buɗa baki, na miƙa masa dabinon da ya rage mini.