Ranar da Ɗaso ta miƙe a kwale-kwale

A Kudai, kudancin Makka, kowa ya san Ɗaso mai wankau. Hannunta kamar itace, bakinta kuwa sai a hankali: ka kawo mata harami da maiƙo, ka sha faɗa kafin ka sha ruwa.

A 1963 ta tsallako Bahar Maliya daga Sawakin ta ƙasar Sudan, ita da 'yarta Shatu mai shekara huɗu, cikin kwale-kwale da mutum arba'in, babu mai fasfo ko ɗaya. Masu irin wannan tsallakawa suna da doka: in an ji ƙarar jirgin sama, kowa ya kwanta a rufe shi da tabarma, a zaci kaya ne.

Kwana biyu da tashi inji ya mutu, iska ta tsaya cik. Ruwan sha ya koma cikin murfin buta ɗaya ga kowa. Leɓen Shatu ya tsage, ta daina kuka.

Ranar Talata suka ji ruri. Ƙaton jirgi ne mai inji huɗu, na sintirin teku, jikan jiragen jefa bam, wanda ke farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Ya yi ƙasa-ƙasa.

"Ku kwanta!" in ji mai kwale-kwalen. "In suka gan ku, kurkuku!"

Ɗaso ta kwanta, ta danne 'yarta a ƙirji. Jirgin ya kewaya sau biyu, bai ga kowa ba, ya tafi.

Laraba da hantsi Shatu ta cika.

Alhamis rurin ya dawo. Aka sake ihun a kwanta. Ina! Ɗaso ta ture tabarma, ta fizge farin mayafinta, ta hau kan buhu tana kaɗawa. Mai kwale-kwalen ya riƙo ƙafarta.

"Sake ni, azzalumi! Su kashe mu mana!"

Cikin jirgin ya buɗe. Mata suka fara salati, sun ɗauka bam ne. Abin da ya faɗo gwangwanaye ne a ɗaure da igiya, cike da ruwan sha. Washegari jirgin ruwa ya zo ya ja su.

Duk shekara waɗanda suka tsira sukan zo Kudai gaishe ta. Wani tsoho, Tijjani, ya taɓa ce mata, "Hajiya, ke kika cece mu."

Ba ta ɗago daga bahon wanki ba.

"Ranar Talata ma jirgin ya zo, Malam. Ina kwance a kan Shatu."