Kawu Brandur Ya Ajiye Igiya

Duk safiyar da iska ta lafa, Kawu Brandur yakan sha shayinsa a tsaye, ya shiga rumfar bayan gida, ya warware doguwar igiyar nan, ya bi ta da yatsu tun daga wannan baki har wancan. In ya ji inda ta yi laushi, ranar ba mai sauka bangon dutse kamun tsuntsu, ko da tsuntsu ya rufe sama. Shekara arba'in da uku yana haka a wannan ɗan tsibiri namu na Faro, bana kuma ya ce ya gaji.

Masu sauka bangon dutse da koma mai dogon mariƙi su ake yabo, don su ke dawowa da lundi, tsuntsun nan mai jan baki, rataye a ƙugu. Shi kuwa yana sama, zaune cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya kafe dunduniya a rami, mutum biyar na riƙe da igiyar a bayansa, teku na ruri can ƙasa inda ba ya gani. Ta motsin igiya yake gane mutum ya sami wurin taka ƙafa ko tsoro ya kama shi.

Ni Sunneva ina da dalilin yin wannan rubutu. Shekara goma sha tara da suka wuce, mijina Regin yana rataye a ƙasa sai dutse ya ɓalle daga bakin bangon, ya sare igiyar, ya bar tufka ɗaya cikin uku. Na baya suka yunƙura za su ja da ƙarfi, Brandur ya hana, ya ce tana gogar dutse za ta tsinke. Ya ja ciki har baki, ya kama ƙasa da inda ta sare, ya naɗe ta a hannuwansa, aka danne masa ƙafafu. Haka ya kwanta har wani ya ruga gari ya kawo wata igiyar. Da Regin ya hawo, abin da Brandur ya ce masa kawai shi ne, "Ka gaya wa Sunneva ta rage maka naman tunkiya." Yatsun Brandur biyu ba su sake lanƙwasuwa ba.

Kai ne, Kawu, ka fara cewa tsuntsu ya ragu, lokacin da kowa ke gani ba mai son faɗa. Ka ce a bar dutse ya huta shekara uku. A wurin taro Oddur, ɗan ƙanwarka, ya ce, "Kawu, tsufa ne ya kama ka, ka zo kana fakewa da tsuntsu." Ka ce, "Ga igiya can a rumfa, Oddur. Nemo mai riƙe ka." Oddur ya waiga, kowa ya sunkuyar da kai. A hunturun shekarar, gangar da nake adana nama da gishiri ba tsuntsu ko ɗaya, ni ma da ka cetar wa miji sai da na yi wata biyu ina gaishe ka sama-sama. Ban taɓa ba ka haƙuri ba, yau na ba ka.

Tsuntsun ya ɗan dawo, ba kamar da ba. Mutanen ne ba su dawo ba. Matasa sun tafi Tórshavn babban birni, gidaje goma sha ɗaya kawai ke tashin hayaƙi, haɗa mutum shida a bakin dutse ya zama aiki.

Makon jiya na kai masa busasshen kifi, na tarar yana fama da maɓallin riga. Na ce muna shirin yi masa walima. Ya ce shi dai a bar shi ya kwana ba tare da sauraron iska ba, walimar ke nan.

Mun gode, mai hannun da bai taɓa sakin kowa ba. Ku kuma matasa da ke zuwa hutun bazara kuna komawa, ku ba shi yini ɗaya, ku zauna ya nuna muku yadda ake riƙe mutum. Oddur ya riga ku, tun watan jiya yake zuwa kullum, kuma har yau Kawu bai ce ya iya ba.