Dattijon da Ke Rungume da Kofi

A tashar mota wani dattijo yana zaune da kofin gasar ƙananan kulob a cinyarsa, ya lulluɓe shi da tawul kamar jariri. Yatsunsa a karkace suke, ina jin tsohon gola ne. Yana shafa sunayen zakarun da aka zana a gindin kofin, leɓɓansa na motsi, hankalinsa ya tafi wani fili mai nisa.

Direba ya ce, "Baba, kawo a sa a but."

Ya girgiza kai. "Ɗana, gasar nan sili-ɗaya-ƙwale ce. Shekara arba'in ke nan da ƙwallo ɗaya ta kuɓuce mini, muka rasa shi. Yau an ba ni in kai filin wasan ƙarshe, ka ce in sake shi?"